Yadda zaka gane abinda ke ɓata maka zubin dalmar kamun kifi da yadda ake gyara shi

Duk wanda ya taɓa zama ya narka dalma dan ya zuba ma kansa nauyin fatsa ko na taru yasan wannan takaicin, ka hura wuta ka jira ta narke ka zuba ka buɗe mazubi, wato abin nan mai ɓari biyu da rami a tsakiya da ake zuba dalmar ta ɗau siffa, da murnarka sai kaga abu ya fito duk tamoji kamar goshin tsoho, ko rabi ya cika rabi babu, ko kuma ya manne yaƙi fita har ka hau dukan mazubin. Abinda mafi yawanmu keyi a lokacin shine mu ƙara wuta, in bai yi ba mu sake ƙarawa, ƙarshe dalmar ta tara kashi, wato dattin da ke tasowa a samanta, mutum yace ai dalmar ce bata da kyau. Toh gaskiya a cikin matsala goma, bakwai ko takwas a nawa ganin daga mazubi ne ba daga tukunya ba, ko yayi sanyi ko akwai maiƙo a cikinsa. Kuma in zaka gyara, abu ɗaya zaka sauya a lokaci ɗaya sannan ka zuba ka duba, in ka ƙara wuta ka ƙara kuza ka kankare mazubi duk a tare ko ya gyaru bazaka san wanne yayi aikin ba, gobe ma haka zaka sake lalube.

Kafin mu kunna wuta

Dan Allah karka tsallake wannan wajen. Ruwa da narkakkiyar dalma basa shiri ko kaɗan, ruwa in ya koma tururi girmansa na ninkuwa sama da sau 1,600, in hakan ya faru a ƙarƙashin dalmar sai tukunya ta yi aman wuta ta watso maka a fuska. Ɗigon da ya faɗa a sama yawanci tsalle-tsalle yake yi ya ƙone, wanda ke halaka mutum shine wanda aka tura ƙasa, wato ludayi mai sanyi da ya yi raɓa, ko guntun tsohon bututu da ruwa ya maƙale a cikinsa aka jefa a tukunya mai zafi. Ni ludayi ne ya koya min, na wanke shi na goge da tsumma ina ganin ya bushe, ina tsoma shi naji fau, har yau tabon na bayan hannuna. Dan haka tarkacen dalma a tukunyar da babu komai ake zuba shi a hura wuta su yi zafi tare, ludayi da cokali kuma a ɗora su gefen wuta tukun.

A waje ake wannan aikin inda iska ke wucewa ta tafi da hayaƙin ba ta kawo maka shi ba, da tabarau na kariya, safar hannu ta fata, takalmi rufaffe, riga da wando na auduga dan na roba narkewa suke a jikin mutum. Tukunya ta ƙarfe mai kauri, karka narka a ta alminiyam, eh alminiyam sai digiri 660 na Selshiyos yake narkewa amma tun kafin nan yake laushi, ga nauyin dalma a kansa, gindin na iya ɓallewa. Tukunya da ludayin da suka taɓa dalma sun bar kicin kenan har abada. Yara da mai ciki kar su zo kusa, Hukumar Lafiya ta Duniya tace babu wani adadin dalma a jini da aka san bashi da illa, kuma ƙwaƙwalwar yara tafi saurin cutuwa.

Batirin mota kuma, nasan shine abinda ke fara zuwa ran mutum in ance dalma, amma ka barshi. Banda asid ɗin, farantan cikinsa na ɗauke da sinadarai irin su kalsiyam ko antimoni da asenik, kashin da ke tasowa daga garesu in ya haɗu da danshi yana iya fidda iskar guba da ke kashe mutum, kuma dalmar ma bata zubuwa da kyau. Asara biyu kenan.

Mataki na farko, san dalmar da ke hannunka

Dalma zalla tana narkewa a digiri 327 na Selshiyos, tana da laushi har farce yana mata zane, in ka yar da dunƙulenta a siminti zakaji tim ba ƙara. Wadda aka gauraya da antimoni tafi tauri, in ta faɗi tana ɗan yin amo. Wannan bambancin yana da amfani sosai, in nauyin da zaka zuba irin wanda ake matsewa a jikin igiyar taru ko birgi ne, ko ɗan ƙaramin nan mai tsaga da ake danne wa a zaren fatsa, dole sai mai laushi, mai tauri tsagewa take in ka matse ta da filaya. Dan haka in kayanka na karyewa wajen matsewa karka wahalar da kanka da zafi, dalmar ce. Haka in kana sakin su cikin ruwa suna fitowa daga mazubi, mai antimoni ƙara tauri take, bar su su huce a kan busasshen tsumma, dama bokitin ruwa kusa da tukunya neman magana ne.

Dalmar balansin taya da ake maƙalawa a bakin wili ita mutane da yawa ke samu, mai ƙugiyar ƙarfe tana da antimoni wajen kashi 3 cikin ɗari da ɗan kuza kaɗan, mai gam da ake mannawa kuma kusan zalla ce. Matsalar itace yanzun da yawansu ba dalma bane, Tarayyar Turai ta hana na dalma tun 2005, kamfanoni suka koma zinki da ƙarfe. Sai ka zauna ka tsince su ɗaya bayan ɗaya, mai rubutun Zn zinki ne, mai Fe ƙarfe ne, wanda babu rubutu ka cije shi da filaya mai yanka, dalma zata nutsa, zinki da ƙyar zai yi alama. Ƙarfe baida matsala sama zai taso ka kwashe. Zinki ne mugun, yana narkewa a digiri 419, in wutarka ta kai nan ya narke ya shiga, toh saman tukunyar zai koma gudaji-gudaji mai kauri, ka kwashe ya dawo, ka zuba yaƙi shiga lungu. Babu gyaran da ya cancanci wahalarka, ka zuba ta a manyan nauyi da basu da ado ko ka ware ta gefe. Rigakafin shine a narkon farko kar zafi ya wuce digiri 370 zuwa 380, duk wanda ya kuɓuce maka zaka ganshi yana yawo a sama bai narke ba ka cire shi da sauri.

Mataki na biyu, wanke mazubi

Sabon mazubi yana zuwa da man inji, tsoho kuma yana da man da ka shafa dan tsatsa. Ko ɗan kaɗan ne ya rage a ramin, dalma na taɓa shi zai zama hayaƙi ya tsaya tsakaninta da bango, sai kaga tamoji da ƙananan ramuka kamar zanzana. Ruwan zafi da sabulun wanke-wanke da tsohon burushin haƙori, ka goge ramukan da fuskokin biyu da siraran layukan nan da aka zana a fuska, ba ado bane, ta nan iska ke fita. Ka ɗauraye, ka ɗora shi kusa da wuta har ya bushe ƙarau. Fetur da kananzir kuwa karka wanke da su, suna barin nasu maiƙon ga haɗarin gobara. In mazubinka na siminti ne ko farar ƙasar filasta da ka haɗa da kanka, wannan yana riƙe ruwa a cikinsa ko da samansa ya bushe, sai ya yi kwanaki yana shanya sannan a gasa shi a hankali, in kaga dalma na tafasa tana tofi a bakinsa tsaya nan take.

Mataki na uku, zafi, anan maganar take

Zafi biyu ne kuma mutane na haɗe su. Akwai na dalma akwai na mazubi. Na dalma tsakanin digiri 350 da 400 ya isa kusan kowane aiki, in kana da ma'aunin zafi mai dogon tsinke ka huta, in babu ka lura da saman, dalma zalla in ka share ta tana sheƙi kamar madubi, in nan da nan ta rikiɗe ruwan zinare ta koma shuɗi-shuɗi tana tara kashi toh tayi zafi da yawa rage wuta. In gindin tukunya ya fara ja a duhu ka wuce gona da iri, daga wajen digiri 480 zuwa sama hayaƙin dalmar kanta ke ƙaruwa kana shaƙa.

Na mazubi kuwa ana so ya kai wajen digiri 200, zafin da bazaka iya kusantar da hannu ba. Ka tuna dalma na shiga ramin ƙarfen ke zuƙe mata zafi, in yana da sanyi gaban ruwan ya daskare kafin na baya ya iso, na bayan ya hau kansa ya daskare shima, wannan layi-layin da kake gani shine tamojin. Ƙara ma tukunya wuta yana ɗan rufe matsalar ne kawai. Ɗora mazubin a bakin tukunya tun lokacin da ka kunna wuta, sannan ka yi zubi goma ko sha biyar a jere da sauri ba tare da ka tsaya kallonsu ba, ka maida su tukunya daga baya a hankali. Kuskuren da nafi gani shine mutum ya zuba ɗaya ya buɗe ya ɗauka yana juya shi yana tsaki mazubi na buɗe yana shan iska, ya rufe ya zuba wani ya sake tsayawa, a haka har dare bazai yi zafi ba. Na alminiyam saurin ɗaukar zafi gareshi da saurin sakinsa, yana son hannu mai sauri. Na ƙarfe yana daɗewa kafin ya ɗauka amma in ya ɗauka ya riƙe.

Agogonka shine ɗan tudun dalmar da ke saura a bakin ramin zubi, ni cibiya nake ce mata. A ƙananan nauyi in ta daskare tun kafin ka ɗauke ludayi, mazubi da sanyi. In ta ɗau daƙiƙa uku zuwa shida ka ga launinta ya juya ta ɗan lotsa a tsakiya, daidai kenan. In ka ƙirga goma tana nan ruwa yayi zafi, buɗe shi ya sha iska kaɗan. Manyan nauyi na rabin kilo dama sun fi haka daɗewa.

Mataki na huɗu, tace dalmar

Baƙin ɗigo-ɗigo ko ƙasa-ƙasa a jikin abinda ka zuba datti ne da kashi suka bi ludayi. Zuba busasshen garin katako kamar cokali biyu a sama, barshi ya zama gawayi tukun dan danshinsa ya fita, sannan ka juya har ƙasa kana kankare gefen tukunya, ko ka jefa guntun kyandir ko kakin zuma kamar ƙwayar wake, zai yi hayaƙi ya kama da wuta dan haka ja fuskarka baya. Abinda ya rage a sama ya zama gari baƙi mara nauyi shi zaka kwashe. In abinda kake kwashewa yana da nauyi yana sheƙi toh kuzarka da dalmarka kake zubarwa, sake juyawa. Wajen ɗiba kuma tura saman gefe da bayan ludayi ka ɗebo daga ƙasa.

Mataki na biyar, zuba ka karanta

Ka cika ludayi fiye da abinda ramin ke ci, ka kawo bakinsa dab da ramin, ka zuba a tashi ɗaya ba yankewa har ya tumbatsa ya bar cibiya mai kauri. Yanzu sai duba.

In tamoji ne bayan ka tabbatar da zafi da tsafta, duba hannunka, zubi a hankali ko tsayawa a tsakiya na kawo layi a kewaye kamar an haɗa biyu. In tamojin a gefen waya ko ƙugiyar da ka saka a ciki yake kawai, ita ce mai sanyi, jera su a kan wani ƙarfe kusa da wuta su ɗumama kafin ka saka.

In lungu ne baya cika, gefen da ya kamata ya fito da kaifi ya fito a dunƙule, ko lambar nauyin bata fito ba, abu uku ne. Na ɗaya iska ta rasa hanya, bi layukan iska da tsinken katako ko allura a hankali ka fidda abinda ya toshe su, wani lokacin ma ɗan karkata mazubin wajen zubi ya isa, dalma ta gangara ta gefe ɗaya iska ta fita ta ɗayan. Na biyu ramin zubi yayi ƙanƙanta ko dalma ta daskare a wuyansa, ana iya faɗaɗa shi kaɗan da magagari amma wannan shine na ƙarshe dan abinda ka cire baya dawowa. Na uku kuza. Kuza na sa dalma ta kwanta ta bi lungu maimakon ta dunƙule, kashi 2 cikin ɗari ya isa, wato giram 200 a kilo 10. In dalmar liƙin waya ta masu gyaran rediyo zaka saka, mai 60/40, kuza ce kashi 60 a cikinta, kenan wajen giram 330 zaka saka a kilo 10. Wuce kashi 3 ɓarnar kuɗi ne baya ƙara komai.

In ya fito fari-fari ba sheƙi kamar an barbaɗa masa toka, zafi ne yayi yawa, anfi ganinsa a dalma mai antimoni. Kifi bai damu ba nima ban damu ba, rage sauri kawai.

Gemu, wato siririn fiffiken da ke fitowa a layin da ɓari biyu suka haɗu, yana nufin mazubi bai rufu ba. Ɗaga shi saitin haske a rufe, in kana hango haske ta tsakiya nemi dalilin, yawanci ɗan ɗigon dalma ne ya manne a fuska, ƙanƙani da sai ka ƙura ido. Cire shi tun da zafi da tsinken katako, banda wuƙa banda sukundireba, musamman a alminiyam. In ba shi bane duba ƙusoshin saiti da mahaɗin hannun ko sun saki, ko kuma kai ne hannunka ke gajiya kana sassauta riƙo. In gemun kamar gashi ne a layukan iska toh zafi ne da ƙarfin zubi suka yi yawa.

Rami a wajen cibiya ko kogo a ciki, wannan daga ƙanƙancewa ne, dalma na raguwa wajen kashi 3 cikin ɗari in tana daskarewa, daga waje take fara daskarewa tana janyo ruwa daga sama, in cibiyar ƙarama ce ko ta riga daskarewa sai ta janyo iska. Maganin ka bar cibiya babba, a manyan nauyi ma ka ci gaba da ɗiga mata kaɗan-kaɗan kana ganin tana lotsawa. In kuma wajen cibiyar ya yage ya bar gurbi mai gari-gari ko dalma ta shafu a saman mazubi, ka yi gaggawar yankewa ko buɗewa ne, ƙara daƙiƙa biyu uku.

Mannewa. Kunna kyandir ko ashana ka bi ramin da harshen wutar har yayi baƙi siriri, wannan baƙin na hana kamawa kuma yana ɗan taimaka ma cikawa, amma mazubi ya zama mai tsafta kuma kar kakin ya ɗiga ciki. In rami ɗaya ne kullum ke riƙewa akwai ɗan ƙaya a bakinsa, shafa auduga zata maƙale a wajen, ka goge shi da sanfefa mafi laushi kaɗan kawai. Bugu kuwa da guntun katako ake yi a kan mahaɗin hannu, ba a jikin mazubin ba, ba kuma da guduma ba. Sandar da ake sakawa dan ta bar rami a tsakiyar nauyi ita ma a yi mata baƙin hayaƙi, a murɗa a zare ta da zaran dalma ta kama, in ka bari ta huce ta matse ta sai dai ka maida tukunya.

Mataki na shida, sikeli

Ido baya ganin kogon ciki, sikeli ke gani. Kowane santimita kubik na dalma zalla giram 11.3 ne, kenan ramin da ke cin santimita kubik 5 zai baka wajen giram 57. Auna guda ashirin daga rami ɗaya, in duka sun yi ƙasa da lambar mazubi daidai wa daida toh dalmarka ce mai gauraye, kuza da antimoni sun fi dalma rashin nauyi. In kuma ɗaiɗaiku ne ke faɗuwa ƙasa da 'yan uwansu sosai, waɗannan masu kogo ne, raba ɗaya da kurfi ka gani da idonka sannan ka koma kan cibiya da zafi.

Wani abu da ya kamata mai zuba ƙanana ya sani, tsuntsayen ruwa na haɗiye su su mutu, shiyasa Ingila tun 1987 ta hana nauyin dalma daga giram 0.06 zuwa 28.35, dan haka duba dokar inda kake kafin ka tara su. Kuma dan Allah a daina matse su da haƙori.

In ka gama, rage dalma kaɗan a tukunya ko ka juye ta a busassun ƙananan mazubai ta zama dunƙule, ka rubuta a jiki mai laushi ce ko mai tauri dan wata uku nan gaba bazaka tuna ba. Zubin ƙarshe barshi a cikin mazubi, in na ƙarfe ne ya huce ka shafa masa mai siriri, ka san dai sai ka sake wanke shi kafin aiki na gaba. Kashin da ka kwashe a gwangwani mai murfi inda ruwa bazai taɓa shi ba, a kai ma masu sake sarrafa ƙarfe, kar a watsa a bola. Wajen aikin bayan komai ya huce a goge da jiƙaƙƙen tsumma maimakon shara da ke tada ƙura, kayan jikinka a wanke su daban da na yara, hannu kuma sabulu har ƙarƙashin farce kafin ka kai komai baki.